Ra'ayinmu: A Ba Yaro Abin Taɓawa

'Yan'uwa ɗalibai, babu ɗayanmu da ya taka ƙofar jami'a ba tare da ya fara zama gaban malamin firamare ba. Saboda haka ba za a ce mun yi shisshigi ba idan muka tofa albarkacin bakinmu a kan abin da ke gudana cikin waɗannan azuzuwa. Tun daga 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, har zuwa shirin UBE na 1999, hankalin hukuma ya fi karkata ga yawan yaran da aka ɗauka da ɗakunan da aka gina. Ba a cika tambayar abin da yaron ke yi tun daga shiga aji har tashi ba.

A makarantu da yawa aikinsa guda ne, wato amshi. Malam ya faɗa, aji ya maimaita da ƙarfi. Sai ka iske yaro ya haddace "uku sau huɗu sha biyu", amma a ba shi ƙwayar gyaɗa sha biyu ya raba wa abokansa uku, sai ya tsaya yana zare ido. Mu a ganinmu maganin wannan bai fi ƙarfin malami ba, domin kayan aikin suna zube a tsakar makaranta.

Ga lissafi, a sa yara su tsinto tsinke su ɗaure goma goma, yadda duk wanda ya kwance ɗauri ɗaya don ya ɗebe bakwai daga 23 zai gane ma'anar aro da hannunsa. A buɗe ɗan shago a lungun aji da gwangwanaye da kuɗin takarda, wannan ya saya, wancan ya ba da canji. Ga rubutu, yaro ya fara zana baƙi da yatsa a kan rairayi kafin ya riƙe fensir, kuma a yanka kwali a rubuta gaɓoɓi irin su ba, ka, ra, ya harhaɗa "baka" da "kara" da kansa. Ga kimiyya, a kafa sanda a fili a auna inuwarta da hantsi da tsakar rana da azahar, ko a shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a duhu, yara su faɗi abin da suka gani. Ai gani ya kori ji.

Duk wannan ya fi armashi cikin harshen da yaro ya tashi da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turanci.

Mun san za a ce aji ya cika maƙil, albashi kuma ba ya isa. Gaskiya ne, kuma ba mu sauke wa hukuma nauyinta ba. Amma cikar aji ita ce ma dalilin raba yara rukuni rukuni gwargwadon abin da kowa ya iya, a naɗa wanda ya gane ya ja sauran, malam yana zagayawa.

Kiranmu ga 'yan'uwanmu na Sashen Ilmi masu fita koyon aikin koyarwa, da waɗanda bautar ƙasa za ta kai makarantu, shi ne kada su raina ajin ƙanana, kada kuma su shiga da alli kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya bar aji uku bai iya karatu da ƙidaya ba, da wuya ya iske mu a nan. Allah ya sa mu dace.