Kafin a Sayi Sabon Batir, a Saurari Motar



A zangon da ya wuce, saura ƙiris kuɗin jarrabawata su tafi shagon batir. Mahaifina yana da wata tsohuwar mota da yake jigilar fasinja da ita. Da ita muke ci, da ita ake biyan kuɗin makaranta. Wata safiya ya murɗa makulli, motar ta yi "kat-kat-kat" ta yi shiru. Maƙwabta suka taru, kowa na cewa batir ya mutu, sai dai a sayi sabo. Kuɗin da ke gidan a ranar kuwa su ne na jarrabawata.

Allah ya kawo wani dattijo mai gyaran wayar mota da ke layinmu. Ya buɗe gaban motar, ya taɓa kan batir, sai ga shi yana rawa, farin gari ya lulluɓe shi. Ya kwance, ya wanke da ruwan zafi, ya kankare, ya ɗaure tamau. Murɗawa ɗaya motar ta tashi. Abin da Baba ya kashe bai wuce kuɗin goro ba.

Tun daga ranar nake da ra'ayin cewa mai ƙaramin ƙarfi bai kamata ya sayi kayan gyara a kan zato ba. Mota tana faɗin ciwonta, mu ne ba ma saurare.

Idan an murɗa makulli aka ji "kat-kat-kat" da sauri, fitilu kuma suka dushe, to wuta ce ba ta isa ba: ko batir ya yi sanyi, ko kansa ya saki, ko ya yi datti. Idan "kat" ɗaya aka ji, fitilu na nan da haskensu, sai a fi zargin kik, wato na'urar da ke fara juya injin. Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, a ƙyale batir ya huta. A duba mai a tanki, a duba fiyus, a duba fulogi. A yawancin motocin fetur na zamani, da an kunna makulli za a ji famfon mai ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku daga wajen tanki. Idan ba a ji ba, an san inda za a fara nema.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, na'urar auna wuta da ake bukata tana nan a ɗakin gwajinmu tana shan ƙura. Lafiyayyen batir da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe. Idan ya sauka ƙasa da 12, yana bukatar caji. Idan injin na aiki, ya kamata a ga kusan bolt 14, shaidar cewa altaneta na mayar wa batir wutarsa. Wanda ya sa sabon batir alhali altaneta ce ta lalace, bayan 'yan kwanaki zai sake neman masu turi.

Har dokar Ohm da muke haddacewa don jarrabawa tana cikin wannan magana. Kik yana jan wuta fiye da amfiya 100. A ce yana jan 150, dattin kan batir kuma ya kawo cikas na ohm 0.02 kacal. Ku ninka ku gani: bolt 3 sun salwanta tun kafin wutar ta isa inda ake so. Dattijon layinmu bai taɓa jin sunan Ohm ba, amma ya fi mu aiki da dokarsa.

Na san wani zai ce mu ba makanikai ba ne, kuma batir na da haɗari. Gaskiya ne. Ruwansa asid ne mai ƙuna, iskar da ke fita daga gare shi kuma tana kamawa da wuta. Shi ya sa ba a kusantarsa da ashana, kuma wayar da ke da alamar ragi ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Ai wannan ma dalili ne na a koya mana a gaban malami. Gyaran kik da altaneta aikin makaniki ne, amma wanda ya je gareji ya san ciwon motarsa ba a cika sa shi sayen abin da ba ya bukata ba.

Don haka ina roƙon malaminmu na Fizis: Malam, a ware mana darasi ɗaya a wannan zangon, a fito da na'urar nan, a buɗe mana gaban motar makaranta, maza da mata kowa ya auna da hannunsa. Da yawa daga cikinmu, da abin da mota ko babur ya samo ake biyan kuɗin karatunmu.

Daga wani ɗalibin aji biyar, ɗan Ƙungiyar 'Yan Jarida