A Nuna Wa Yaran Nan Amsoshinsu

Duk shekara, da zarar an fito daga ɗakin jarrabawar JAMB, ko jarrabawar tantancewa da wasu jami'o'i ke yi wa masu neman karatun likita, sai a buɗe wata sabuwar jarrabawar a bakin ƙofa. Ɗaliban Illela da aka tura Sakkwato su rubuta, tun daga tasha suke farawa, mota ta wuce Kware, ta wuce Gwadabawa, ba su gama ba. "Mi kaz zaɓa a tambayar nan ta jini?" "Ni dai C niz zaɓa." Kafin a iso gida wani ya riga ya zama likita a ransa, wata kuma ta kasa cin abincin dare. Malamai da iyaye da yawa na kallon wannan a matsayin tayar wa kai hankali a banza, tunda alƙalami ya riga ya bushe. Ni a ganina laifin ba na yaran ba ne. Suna tambayar juna ne saboda masu jarrabawar ba sa gaya musu komai sai maki, kuma wannan rufa-rufar ce ya kamata a daina.

Gaskiya ne lissafin cikin mota ba ya nuna wa kowa matsayinsa. Tun 2015 jarrabawar JAMB, wato UTME, ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Mai neman likitanci yana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai arba'in-arba'in na Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, a kan maki 400. Ana yin ta kwanaki da dama, rukuni bayan rukuni, ana kuma jujjuya tambayoyin, ta yadda ta goma a wurinka ba lallai ita ce ta goma a wurin maƙwabcinka ba. Ƙara da cewa wanda ya fito a gajiye ba ya tuna tambaya yadda aka rubuta ta, sai yadda ya fahimce ta, kuma a irin wannan musu mai ƙarfin murya ne ke yin nasara, ba mai gaskiya ba. Duk na yarda da wannan. Amma idan aka hana yaro wannan ma'aunin mai rauni, wanne aka ba shi a madadinsa? Saƙon waya mai ɗauke da lambobi huɗu da jimillarsu. Bai san wace tambaya ya faɗi ba, bai san ko abin da ya danna shi na'ura ta karɓa ba.

Wanda ke ganin wannan zargi ne kawai, ya tuna abin da ya faru a 2025. Sakamako ya fito, sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 ba, aka fara cewa yaran zamani ba sa karatu. Ɗalibai ne da iyayensu da malamansu suka riƙa haɗa sakamako da sakamako, suna nuna cewa yaron da aka san ƙoƙarinsa ba zai tashi da wannan maki ba. Sai a ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Ya cancanci yabo da bai ɓoye ba. Sai dai a lura da inda abin ya faru: wurare ne masu jaridu da lauyoyi da iyayen da suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Da cibiyoyi biyu ko uku ne a Sakkwato, da waɗanda abin ya shafa 'ya'yan manoman albasa ne da masu awon hatsi na bakin iyaka, wa zai ji kukansu? Mafi yawa za a ce musu haka Allah Ya ƙaddara, su sake sayen fom baɗi. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta hana a binciki aikin ɗan Adam.

Abin da nake nema ba sabo ba ne a duniya. A Indiya, inda yaranmu da dama ke zuwa karatun likita, hukumar da ke shirya jarrabawar shiga karatun likita, wato NEET, tana fitar da jerin amsoshin da take ganin su ne daidai, ta nuna wa kowane ɗalibi hoton takardar amsarsa, ta ba da 'yan kwanaki ga mai ƙorafi ya ƙalubalanci tambaya bayan ya biya wani ɗan kuɗi. Masu rubuta ta sun haura miliyan biyu. Wannan bai raba su da rigingimu ba, domin a 2024 sai da maganar satar tambayoyi ta kai Kotun Ƙolinsu, amma ɗalibi a can yana da abin riƙewa a hannu idan zai yi musu. A kasuwar Illela ma mai sayen gero a tsaye yake ana auna masa, idonsa a kan mudu. Ban ga dalilin da zai sa a auna shekaru shida na karatun sakandaren yaro a bayan labule ba.

Za a ce idan aka saki tambayoyi da amsoshi, masu sayar da amsa sun samu jari, kuma rumbun tambayoyin hukuma zai ƙare. Wannan hujja ce mai nauyi, amma ta makara. Littattafan tsofaffin tambayoyi sun cika shaguna, an tattara su ne daga bakin ɗalibai, wasu amsoshin cikinsu ma kuskure ne, kuma mai kuɗin shiga darasin share fage a birni ya fi ɗan ƙauye samun nagari. Sirrin nan talaka kaɗai yake cutarwa. Idan hukuma ta jira har rukuni na ƙarshe ya gama sannan ta buɗe wa kowa nasa, babu wanda zai ci riba a jarrabawar bana. Ta baɗi kuwa a rubuta sababbin tambayoyi, ai kuɗin fom ɗin da ake karɓa ya isa a biya malaman da za su rubuta. Amsoshin kuma suna nan a ajiye a na'ura, ba sai an kwaso takardu daga sito ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ɗaci: ko yaro ya ga amsoshinsa, kujerun ba su ƙaru ba. Majalisar da ke kula da aikin likita da haƙori ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, har da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma masu nema sun ninka kujerun sau da yawa. Haka ne. Shi ya sa buɗe bayani bai kamata ya tsaya kan amsoshi ba. Tsarin jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Sakkwato na cikinsu. Ya kamata kowace jami'a ta liƙa makin da ta tsaya a kai a kowane kaso. Yarinyar da ta ga tazararta maki biyar ce ta san ta sake gwadawa. Wanda ya ga tasa tamanin ce, ya san gara ya nufi aikin jinya, ko harhaɗa magunguna, ko Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke nan Gwadabawa, maimakon ya ƙone shekara uku yana zargin an sayar da gurbinsa. Zargin nan ma, wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci ba haka ba, kuma babu mai iya rarrabewa muddin alƙaluman na cikin aljihun tebur.

Don haka kirana ga wakilanmu na Majalisar Tarayya, musamman mai wakiltar Illela da Gwadabawa: su nemi JAMB da jami'o'in da ke yin jarrabawar tantancewa su riƙa nuna wa kowane ɗalibi tambayoyinsa da amsoshinsa cikin mako biyu da kammalawa, tare da hanyar ƙorafi da ba sai an je Abuja ba. Shugabannin makarantun sakandarenmu kuma su riƙa tattara sakamakon ɗalibansu duk shekara suna ajiyewa, domin ranar da na'ura ta yi kuskure a nan, da wannan rijistar za a kai ƙara.