Ɗan Jagora a Filin Golf

Makaho na buga golf, har ya ba mai ido kashi, amma sai da ɗan jagora. Shi zai gaya masa nisan rami, da inda yashi yake, da inda ruwa ya kwanta, sannan ya durƙusa ya daidaita masa kan sanda a bayan ƙwallo, ya ja gefe. Bugun kuwa na makahon ne.

Tun Janairun 2023 wannan taimako ya shiga littafin dokokin wasan, a Doka ta 25 da hukumomin R&A da USGA suka tanadar wa naƙasassu. A shekarar aka fara gasar naƙasassu ta G4D Open a Woburn ta Ingila, Brendan Lawlor ɗan Ireland ya lashe.

Sai dai doka ba ta ɗaukar jakar sanduna. Ƙungiyoyin agajin wannan wasa da 'yan sa-kai suke tafiya: mai rubuta maki, mai ɗauko 'yan wasa a mota, mai lallashin masu fili su bar keken guragu ya hau ciyawarsu, wadda suke ji da ita kamar ƙwai. Attajirin da ya miƙa cek wajen liyafa shi ake ɗauka hoto, alhali abin da ƙungiya ta fi nema shi ne mutumin da zai yini a fili cikin ruwan saman Ingila kyauta.