Tawagar Aro Ba Gwaninta Ba Ce



Akwai wata ɗabi'a da ta zauna daram a wasannin gem na yaranmu a nan Mubi, kuma lokaci ya yi da za mu faɗe ta a fili. A gidajen gem, daga Lokuwa har Sabon Layi, yaron da ke mutuwar son Arsenal a gidan kallo shi ne zai yi wuf ya ɗauki Real Madrid ko Manchester City da zarar an miƙa masa abin bugawa. Wannan ɗabi'a ta fi fitowa fili a wajen 'yan tsirarun da ke buga Pokémon a waya, inda ake shiga intanet a kwaso tawagar da wani gwani ya haɗa a Amurka ko Japan, a liƙa ta yadda take, a ci wasa, sannan a zo ana bugun ƙirji. Mu dai a wajenmu wannan satar amsa ce, kuma ba mu ga dalilin yi mata tafi ba.

Bari mu yi wa iyaye bayani a taƙaice. Pokémon ya fito a Japan a 1996, kuma wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, ya samo dabarar ne daga tara ƙwari da yake yi yana yaro. Yau halittun wasan sun haura 1,000, an kasa su jinsi 18: na wuta, na ruwa, na tsiro, na lantarki, na dutse da sauransu. Ruwa na cin wuta, wuta na cin tsiro, tsiro na cin ruwa. Mai wasa yakan zaɓi halitta shida, kowacce da salon faɗa huɗu kacal. A gasar duniya, huɗu ake fitarwa daga cikin shidan, su kara biyu da biyu. Duk amfanin wasan yana cikin wannan zaɓi da lissafi. Wanda ya kwafi tawaga ya bar wa wani aikin tunanin, shi kuma ya ƙona data da caji a kan danna maɓalli.

Masu kwafi suna da hujja, kuma mun ji ta: ai don a ci ake wasa, me zai sa mutum ya ɗauki rarrauna alhali ga ƙaƙƙarfa? To ga amsa daga gasar duniya ta 2014 a birnin Washington. Sejun Park, ɗan Koriya ta Kudu, ya shigo da Pachirisu, wani ɗan ƙaramin kurege na lantarki da manyan 'yan wasa ba sa ko kallo. Bai sa shi don ya yi duka ba. Aikinsa shi ne ya janyo hare-haren abokan gaba zuwa kansa. Abokin tafiyarsa Gyarados yana da ƙarfi, amma harin lantarki na yi masa illa ninki huɗu, shi kuwa kuregen in an jefe shi da lantarki lafiya yake ƙara samu. Da wannan haɗi Park ya doke Jeudy Azzarelli na Amurka a wasan ƙarshe ya ɗauki kofi. Shekara guda bayan haka, a Boston, yawancin waɗanda suka kai matakin ƙarshe kusan tawaga iri ɗaya suka zo da ita. Har gobe labarin kuregen nan ake bayarwa.

Kada kuma masu ra'ayinmu su ɗauka mun ba su lasisin sakarci. So hana ganin aibi ne, kuma wanda ya jera halittu shida don kawai sun yi masa kyau, kashi zai sha, ya kuma cancanci shan sa. Idan Charizard kake so, sai ka san cewa harin dutse na yi masa illa ninki huɗu, ka nemo masa abokin ruwa ko na ƙasa da zai share masa hanya. Ka san wanda ya fi shi sauri, ka tanadi abin da za ka yi idan an kashe shi da wuri. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a garin da ke da kasuwar shanu irin tamu, wadda dabbobi ke shigo mata har daga Kamaru da Chadi. Manomin da ke da bijimin da yake so ba ya sayar da shi don an ce wani jinsi ya fi tsada. Sanin halinsa yake yi, ya nemo masa abokin garma daidai da shi, kada ɗaya ya ja ɗaya ya noƙe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai mu zo ga tushen cutar, wato kuɗi. Ranar da aka fara cewa wanda aka ci shi zai biya, ko aka ajiye ɗari biyar a ƙarƙashin talabijin, ranar zaɓin rai ya mutu. Babu mai gwada sabuwar dabara da kuɗin cefanen gidansu a ƙasa. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta, kuma daga ita yaro ke zarcewa shagon cacar ƙwallo. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, kuma caca na cikin dalilan da ta bayar. Hukunci na malamai ne, duk uban da ya hana ɗansa a kan wannan ya yi abin da yake da iko a kai. Amma inda aka bar waya a hannun yaro, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu raba wasan da kuɗi.

Abin da ya sa muka damu ya wuce gem. Garin da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar jiha, ɗalibai yake tarawa daga ko'ina. Yaron da ya saba tun yana ɗan shekara 12 cewa nasara ita ce ɗauko aikin wani, shi ne gobe zai nemi amsar jarrabawa a WhatsApp, jibi ya sayi aikin bincikensa na kammala karatu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka muna kira ga masu gidajen gem su hana ajiye kuɗi a kan wasa, ko sisi. Matasan da ke haɗa gasa tsakaninsu, a sa doka: kowa ya zo da halitta ɗaya ko ƙungiya ɗaya da yake so da gaske, ya gina sauran a kanta, kuma kafin a fara ya faɗa wa jama'a dalilin kowane zaɓi da ya yi. Wanda ya kasa bayani ya zauna a benci. Iyaye kuma, maimakon tsawa kullum, a zauna da yaro sau ɗaya a tambaye shi: me ya sa ka haɗa wannan da wancan? Daga amsarsa za a gane ko tunani yake yi ko kwafi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ƙara wa Mubi zaman lafiya. Amin.