Baƙon Sallah Da Mai Neman Mafaka Ba Ɗaya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, tun da ga Babbar Sallah ta sake ƙaratowa, lokacin da 'yan'uwa kan yi ta zirga-zirgar sada zumunci.

Ni mutumin Talata Mafara ne, amma yau shekara bakwai ke nan ina koyar da Turancin Ingilishi a wata makarantar kuɗi da ke Maradi, Jamhuriyar Nijar. A nan yaro yakan fara Ingilishi ne daga ajin farko na sakandare, kuma yana cikin darussan jarrabawar BEPC, don haka ire-irenmu da muka yi NCE a gida ba mu rasa abin yi. Tun da hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, suka sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, iyaye suka ƙara matsa wa 'ya'yansu lamba a kan darasin. Alhamdu lillahi, ana samun na tuwo.

Sai dai a gida ba haka ake kallon abin ba. Da an ce wane yana "waje", yana karɓar sefa, shi ke nan ya zama Alhaji ko da bai taɓa ganin jirgi ba. Gaskiya ne tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu a 2024, kuɗin da muke aikawa gida ya yi auki. Amma ai ba da naira nake biyan haya a Maradi ba, ba kuma da ita nake auno shinkafa ba. Ga shi awa-awa ake lissafa mana albashi, idan an shiga dogon hutu daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba ko dala ba ta shigowa. Wannan tunani na cewa kowa ya ɗauke ni mai kuɗi shi ya toshe mini basira har na tafka kuskuren da zan ba da labarinsa.

Sallar layya ta 2024 ta zo a tsakiyar watan Yuni, wata uku bayan an buɗe iyakar da aka rufe sanadiyyar juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ana saura kwana huɗu sallah sai ga baƙi ta hanyar Sakkwato, Illela da Ƙonni, ba waya ba aike. Ƙanena daga Mafara, Gwaggona daga Bakura da jikokinta biyu, sai Kawuna daga wani ƙauye a ƙasar Maradun, shi da iyalinsa da yara biyar. Mutum goma sha ɗaya, a gidan da ke ciki da falo da ɗan zaure! Maiɗakina ta dube ni, na dube ta, aka shimfiɗa tabarmi.

Sallah ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yaran Kawu ba su taɓa ganin yadda mutanen Nijar ke tsire rago sukutum a jikin itace a jera shi gefen wuta a ƙofar gida ba, suka yini suna kallo. Bayan kwana biyar ƙanena ya karɓi wayar hannun da dama ita ta kawo shi, ya kama hanya. Gwaggo ma ta yi mako guda ta koma. Kawu kuwa ko maganar tafiya bai yi ba.

Mako biyu, mako uku. Nama ya ƙare, buhun shinkafa ya ƙare, gero ya yi ƙasa, ga lokacin jarrabawa, takardun yara sai a bakin masallaci nake dubawa don babu wurin zama a gida. Maiɗakina tana da tsohon ciki, ita ke tuƙa tuwon mutum goma. Ba ta ce komai ba, amma na san shirun. A zuciyata kuma sai shaiɗan ya riƙa raya mini cewa Kawu ya ga banza ne ya miƙe ƙafa. Ran kwana na ashirin da uku, bayan sallar isha'i, na ninke kuɗi na miƙa masa na ce, "Kawu, ga wannan a yi kuɗin mota, kada damina ta wuce ku." Kowane Bahaushe ya san ma'anar wannan magana. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah shi yi maka albarka ɗana, mun gode, mun kau daɗe." Da asuba suka tafi.

Sai bayan wata biyu na ji gaskiyar lamarin daga bakin mahaifiyata. Ashe babu gidan da za su koma. 'Yan bindiga sun aza wa ƙauyensu kuɗi kafin a bar su su yi shuka, aka kasa haɗawa, aka watse. Daga wurina wani kango suka nufa a bayan garin Mafara, can suka ƙare damina, ƙaramar 'yarsa ta sha fama da zazzaɓi har an fid da rai. Da na kira shi ina kuka ina cewa don me bai faɗa mini ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ina ni ina roƙon ɗan ƙanwata wurin kwana?"

Malam Edita, laifina ne, kuma ban nemi a wanke ni ba. Wane manomi ne zai bar gonarsa a watan Yuni, ruwa ya sauka, ya zo yawon sallah na mako uku? Wane baƙon sallah ne ke zuwa da tukwane da kan keken ɗinki a cikin buhu? Duk na gani da idona, amma ina can ina lissafin tiyar shinkafa. Kuma ba wai ban san halin da yankinmu ke ciki ba. A ƙaramar hukumarmu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021. A shekarar nan dai aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, aka kuma ɗebi ɗalibai a Kaya ta Maradun. A nan jihar Maradi ma, tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakowa yankin Gidan Runji, har hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ina ganinsu a kasuwa kullum, amma ban taɓa kawowa a raina cewa kawuna na iya zama ɗaya daga cikinsu ba. Ita kanta Maradin, masu tarihi sun ce Katsinawan da suka baro gida bayan jihadi ne suka kafa ta. A garin da masu hijira suka gina na sallami mai hijira.

To amma duk da haka ina da magana da 'yan'uwanmu na gida, kuma ina roƙon su yi mini afuwa. Kunya abu ce mai kyau, amma wannan irin kunyar cutarwa take yi. Malamai sun karantar da mu cewa haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce. Baƙon kwana uku ana yanka masa kaza, a ba shi gado mai gida ya kwana a ƙasa, domin an san abu ne mai wucewa. Wanda ya zo zama kuwa wani shiri ake yi masa daban. Da Kawu ya ja ni gefe tun daren farko ya ce, "Ɗana, gari ya tashi," da ban kashe kuɗina kan rago babba da lemun kwalba ba. Da kuɗin ragon nan kaɗai sun kama musu ɗaki na wata da watanni a bayan gari. Da na kai shi an rubuta sunansa inda ake rubuta masu gudun hijira, na nema wa matarsa ɗinki wurin matan unguwa, yaran kuma na sa su lakwal da an koma a watan Oktoba. Duk wannan ina iyawa. Abin da ba na iyawa shi ne ciyar da mutum bakwai abincin sallah har illa ma sha Allahu, ban san ranar tafiyarsu ba, su kuma suna ta murmushi suna cewa lafiya lau.

Wani zai ce ai a al'adarmu ba a tambayar baƙo yaushe zai koma. Na yarda, ni ma haka aka rene ni. Amma al'adar nan an yi ta ne lokacin da kowa ke da gidan komawa, lokacin da mutumin Maradun ke noman rani a Bakolori ya kwana a gona babu abin da ke firgita shi sai sauro. Yanzu tambayar ba ta yaushe za ka tafi ba ce, ta yaya ka baro gida ce, kuma ba a gaban yara ko mata ake yin ta ba. Don haka ina kira ga 'yan'uwana malamai da 'yan kasuwa da ke zaune a Maradi, Yamai, Kwatano har da masu zaman Jidda, idan baƙo ya kwana uku, ku fita da shi bayan isha'i ku biyu, ku tambaye shi tsakani da Allah. Limamanmu na Juma'a a Mafara da Bakura da Maradun su ma su taimaka su faɗa wa jama'a cewa wanda aka kora daga gidansa ya gaya wa ɗan'uwansa ba bara ya yi ba.

Masu zuwa karɓar waya da shadda kuwa, irin ƙanena, don Allah ku riƙa bugo waya kafin ku taso, ku bar wa masu larura tabarmar.

Daga ƙarshe, Kawu ba ya karatun boko, amma na san akwai masu karanta wannan jarida a tashar Mafara da suka san shi, suka kuma gane wanda ke magana. Ku gaya masa na kama ɗaki biyu a kusa da ni, na biya kuɗin wata shida, kuma shugaban makarantarmu ya yarda a ɗauki manyan yaran biyu. Sau uku ina aika masa yana cewa sai ya yi shawara. Ku ce masa maiɗakina ce da kanta ta ce a sake roƙonsa, kuma yaron da aka haifa bayan tafiyarsu sunansa aka sa masa.

Naka,
Malamin Ingilishi ɗan Talata Mafara,
Unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi,
Jamhuriyar Nijar.