FILIN MATA: Rancen Gina Gida Ga Mai Doguwar Jinya

Makon nan na yi niyyar mu yi zancen ɗinkin rigunan yara, sai ga wata takarda daga wani ƙauye kusa da Kwanar Dangora, a ƙasar Kiru, na ga ba ta jiran wani mako. Mai takardar ta roƙa kada in faɗi sunanta, na kuwa yarda.

Ga abin da ta ce a taƙaice. Tana da amosanin jini, watau sikila, tun tana ƙarama. Ta yi shekaru tana aikin albashi, da ciwo ya matsa likita ya rubuta aka sallame ta. Yanzu ɗan abin da a ke ba ta kowane wata shi ne cinta da maganinta, ita da 'ya'yanta biyu, gama mijinta ya rasu. Ruwan Agusta ya kayar mata da ɗaki. Mahaifinta ya bar mata fili da 'yar gona. Tana tambaya, ko banki zai ba ta rance ta gina ɗaki biyu na bulo? In kuwa ya ƙi, ta jinginar da gonar, yadda wanta ya ba ta shawara?

To, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Lalle akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, yana hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Mai zubi yana ba da kashi 2 da rabi cikin ɗari na albashinsa, in ya cika wata shida yana iya neman rance, ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, biya har shekara 30. Daɗin ji ke nan. Amma banki abu biyu ya ke dubawa: abin da ke shigo miki kowane wata, da takardar mallakar filin. Sa'an nan yawanci a kan sa mai rance ya yi inshorar rai, su kuwa masu inshora sai sun tambayi lafiyarki. Kada ki ɓoye musu kome, domin ƙaryar da aka rubuta yau ita ce za ta hana 'ya'yanki haƙƙinsu gobe.

Ku 'yan makaranta, ku ɗauko fensir mu yi lissafi. A ce an ranci Naira miliyan 3. Ruwan shekarar farko wajen Naira 180,000 ne, watau 15,000 a wata, uwar kuɗin ko taɓa ta ba a yi ba. Yanzu ku kwatanta. A 2007 gwamnatin Jigawa, zamanin Sule Lamiɗo, ta fara ba masu naƙasa Naira 7,000 a wata, aka yi ta yaba mata. Ko a ninka wannan sau biyu bai biya ruwan nan kaɗai ba. A Ingila wasu bankuna su kan lissafa kuɗin naƙasa a cikin samun mutum, amma can kuɗin yana da kauri, kuma yana zuwa a kan lokaci.

Wata za ta ce, ai akwai doka. Haka ne, a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana wulakanta masu naƙasa, har da tara. In ma'aikacin banki ya kore ki domin jikinki kawai, ya yi laifi. Amma dokar ba ta ce a ranta wa wanda ba shi da abin biya ba. Mai gudun riba kuma tana iya zuwa banki irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, sai dai can ma za su tambaye ta da me za ta biya. Ciwon nan ba ya sallama kafin ya zo. Watan da ki ke kwance ana ƙara miki jini, ranar biya tana nan yadda ta ke.

Zancen gona kuwa, ni ban yarda ba, kuma wanki ya yi mini gafara. Kowa daga Tudun Wada har Doguwa ya san yadda jingina ta ke: mai kuɗi yana noma gonar yana kwashe masararsa sai ran da aka mayar masa da kuɗinsa. Da me za ki fanshe ta, tun da abin da zai kawo kuɗin yana hannun wani? Gara ki ba da ita haya shekara guda guda, a rubuce, gaban dagaci da shaidu.

Ga abin da na fi so ki yi. Ki nemo tsofaffin takardun albashinki ki duba ko an riƙa yankar miki kuɗin asusun gidajen nan. In an yanka, kuma ba ki taɓa cin rancen ba, doka ta ce wanda ya bar aiki har ya kasa ci gaba da zubi yana iya neman a mayar masa da abinsa. Mata da yawa ba su san wannan ba. Sa'an nan ki sa a rubuta rabon gadon nan a kotu, ki je ƙaramar hukuma ki nemi takardar filin da sunanki, gama tun dokar filaye ta 1978 ita ke ba da takardar filayen karkara.

Ginin kuma a bi shi sannu. Kuɗin haya ya sayi kwano, kwasar adashi ta sayi bulo, a fara da ɗaki guda mai tushe na dutse da siminti, ko da saman na tubalin ƙasa ne. Ƙasarmu ta kudu ruwa gare ta, mai sikila kuwa ba ta son sanyi da danshi, saboda haka a daɓe ɗakin da siminti, a ja indararo nesa da bango. A yi ƙoƙari a rufe shi kafin ruwan Mayu.

Ki sake rubuto mini abin da ki ka gani a takardun albashin. Zancen ɗinki sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.