Sharhi: Wakafi ɗaya na iya haɗa ’yan uwa faɗa kan kuɗin da aka aiko gida

A Droum, ƙaramar hukumar da ke gundumar Mirriah a jihar Damagaram, gidaje da yawa na jiran abin da ’ya’yansu za su aiko daga Libiya, Aljeriya ko Kano. Kuɗin na shigowa ta Nita, Al Izza ko Airtel Money, wani lokaci kuma a aljihun direba. Wahalar tana zuwa ne ranar da mai aikowa ya dawo ya ce a nuna masa inda aka sa kuɗin gini.

Saboda haka ne ƙannen da suka yi boko suka fara rubuta shiga da fita a Excel ko Google Sheets. Mun yaba. Amma shafin lissafi ba ya gaya wa mutum cewa ya rubuta aike ɗaya sau biyu. Manhajojin lissafin kuɗi na kyauta irin su GnuCash da HomeBank sun fi dacewa da wannan aiki, kuma dukansu suna karɓar bayanai daga fayil ɗin CSV, ba sai an sake bugawa da hannu ba.

Wurin ɗaukar bayanan ne ake yin tuntuɓe. Wanda ke Kano yana rubuta dubu ashirin da biyar haka: 25,000. Kwamfutar da aka saita da Faransanci, irin wadda ta cika Damagaram, tana ɗaukar wakafi a matsayin farkon ɓarɓashin lamba, sai ta karanta 25 kacal. Jaka 25 ta koma dala biyar, kuma ƙane ne zai sha zargi. Excel na Faransanci ma da wakafi mai ruwa yake raba bayanai a CSV, na Turanci kuwa da wakafi. Kwanan wata shi ma haka: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. Lambar shaidar aike idan ta wuce alƙaluma 15, Excel na mayar da sauran sifili, muddin ba a ajiye ta a matsayin rubutu ba.

Sai batun naira da sefa. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa ta faɗi ƙwarai bayan Yunin 2023. Duk wanda ya zuba su a layi ɗaya ya ɓata lissafinsa. A buɗe wa kowanne asusunsa, a rubuta canjin ranar da aka karɓa. Kuma idan inna ta ce dala ɗari, 500 za a rubuta.

Kafin a danna amincewa, a duba samfurin da manhajar ke nunawa, a gwada jimillar da ta rasit ɗin da ke hannu.

Sauran aikin na kamfanonin aike ne. Rasit na takarda yana ƙoƙewa, saƙon waya yana tafiya da wayar idan ta ɓace. Muna kira gare su da su ba kowane abokin hulɗa damar sauke tarihin aikensa a CSV, da tsari ɗaya na kwanan wata da lambobi. Babban bankin BCEAO, wanda ke sa ido kan kuɗin waya kuma yana da reshe a Damagaram, shi ya kamata ya sa wannan cikin sharuɗɗansa.